Ba Kullum Jabu Ne Ke Hana Kafso Aiki Ba

A unguwar Takur da ke Dutse, da zarar magani ya ƙi aiki sai a ce jabu ne, ko kuma a ce jiki ya saba da shi. Jabu kam akwai shi, NAFDAC ma ba ta musa ba. Maganar sabawar nan ce ke ci mini tuwo a ƙwarya. Ba jiki ne ke sabawa ba, ƙwayar cutar ce ke gagarar magani, kuma tana iya kama jaririn da bai taɓa shan komai ba sai nono.

Mutum ya tashi da mura, wadda kafso ba ya yi mata komai, ya tsaya a kemis ya ce a yanko masa Ampiclox guda huɗu. Ya sha biyu, ya ji dama-dama, ya cusa sauran a aljihu. Kamar manomin wake ne da ya tsinka maganin feshi da ruwa don ya ishe shi: raunanan ƙwari su mutu, masu taurin rai su tsira su hayayyafa, baɗi gonar tasu ce. Kafin a kai irin wannan majinyaci Asibitin Rasheed Shekoni, sau da yawa ya gama da magungunan da likita zai fara da su. Binciken da mujallar Lancet ta buga ya nuna cewa a 2019 ƙwayoyin da suka gagari magani sun kashe mutum miliyan 1.27, kuma Afirka ta Yamma abin ya fi yi wa ɓarna.

Wasu na cewa ai Turawa za su kawo sabon magani. Haɗa sabon magani kan ci shekara 10 zuwa 15, ga maƙudan kuɗi, kuma idan ya fito likitoci adana shi suke yi sai ta ɓaci, don haka ba ciniki. Kamfanin Achaogen na Amurka ya sami izinin sayar da plazomicin a 2018, ya karye a 2019. Ana dai samun ci gaba: a 2025 Amurka ta amince da gepotidacin don cutar mafitsara. Amma yaushe zai iso Dutse, kuma wa zai iya kuɗinsa?

Tun 2017 Najeriya ke da tsarin yaƙi da wannan matsala a ƙarƙashin hukumar yaƙi da cututtuka ta NCDC. Ina jiran ranar da tsarin zai fito daga takarda ya isa ga mai tallar magani a tasha, wanda har yau yake sayar da kafso ɗaiɗai a tsakar rana ba mai tambayarsa takardar likita.