Gargaɗi: Kada Ku Goge Hotunanku Don Kun Zuba Su a Faifan Ajiya

Jama'a, wannan kira ne ga duk wanda ya kwashe hotunan iyalinsa daga waya ko kyamara ya zuba su a faifan ajiya na waje, wato ɗan akwatin nan da ake jona wa kwamfuta da kebul, wanda 'yan kasuwa ke kira had-disk, sannan ya goge na cikin wayar don ya samu fili. Kira ne kuma ga masu ɗaukar hoton biki da suna da saukar karatu, waɗanda amanar ɗaruruwan mutane ke kwance a faifai guda cikin jakarsu. In haka kuka yi, to ku sani hotunan nan har yanzu kwafi ɗaya ne tak, mazauni kawai kuka sauya musu. Ranar da faifan ya ƙi tashi, hoton mahaifiyar da ta rasu da na ɗaurin aure da na jariri ranar suna duk sun tafi tare, kuma ba a sake ɗaukar irin waɗannan hotuna ko nawa mutum zai biya.

Faifan ajiya inji ne, kuma yana mutuwa

A cikin akwatin akwai faranti mai sheƙi da ke juyawa, yawanci sau 5,400 a minti ɗaya a ƙananan da ake sa wa a aljihu. Bisa farantin akwai ɗan hannu mai allura kamar ta garmaho, sai dai ita wannan ba ta taɓa farantin. Iskar juyawarsa ce ke ɗauke da ita, tazarar da ke tsakaninsu kuwa ba ta kai kaurin ƙwayar ƙura ba. Idan faifan ya faɗo daga tebur yana cikin aiki, ko yaro ya fizgi kebul ɗin, allurar sai ta karci farantin ta kankare wurin da hotunan ke rubuce.

Ko bai faɗi ba, tsufa na jiransa. Kamfanin Backblaze na Amurka, wanda ke ajiye wa mutane bayanai a dubban irin waɗannan faifai, ya fitar da lissafi a 2013 da ya nuna kusan ɗaya cikin kowane biyar ya mutu cikin shekara huɗu. Nasu dare da rana suke aiki, amma a ɗaki mai sanyi suke, wuta ba ta yanke musu, ba mai motsa su. Namu kuwa suna shan jijjiga a bayan babur, ƙurar hunturu na cika musu bakin kebul, zafin bazara da ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri na gasa su a cikin mota, ga wutar da ake ɗaukewa ana tsakiyar kwafi a dawo da ita da ƙarfi.

Wani zai ce shi SSD ya saya, wanda ba shi da faranti. Gaskiya ne ya fi jure faɗuwa, amma shi kan mutu farat ɗaya ba tare da wata ƙara ba, kuma ciro bayanai daga cikinsa ya fi wuya. A 2023 wasu samfuran SanDisk Extreme sun riƙa zubar wa masu hoto da bidiyo aikinsu har aka kai kamfanin kotu a Amurka. SSD da filash da memori duk da ɗan cajin lantarki suke riƙe bayanai, kuma cajin kan zurare in an jefa su a durowa shekara da shekaru ba a jona ba, musamman a wuri mai zafi.

Haɗarin da ba daga faifan yake zuwa ba

Faifan da aka bari a jone da kwamfuta kullum, duk abin da ya sami kwamfutar zai same shi. Akwai bairos mai kulle fayiloli ya nemi kuɗin fansa, kuma yana bin duk faifan da ya tarar a jone. A watan Yunin 2021 masu amfani da My Book Live na kamfanin Western Digital, faifan da ke zama a jone da intanet, sun wayi gari a ƙasashe daban-daban sun tarar an share musu komai daga nesa. A nan gida kuwa kowa ya san bairos ɗin da ake kwasowa a shagunan buga takardu, wanda ke ɓoye folda ya bar hotonta kawai.

Sai kuma wuta da ruwa da ɓarawo. Gobarar da ta cinye kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016 ba ta tambayi abin da ke cikin durowar kowa ba. Da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a watan Satumbar 2024, ruwa ya mamaye unguwanni da dama na Maiduguri cikin dare, mutane suka tsira da kayan jikinsu. Wanda kwamfutarsa da faifansa ke ɗaki ɗaya, rana ɗaya ya rasa su. Haka ɓarawon da ya fizge jakar kwamfuta yake tafiya da faifan da ke aljihun jakar. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ku lura da abin da kuke saye

Jabun faifai sun cika kasuwanni da shagunan intanet. Za a rubuta terabait 2 ko fiye a jiki, kwamfuta ma ta nuna haka, alhali ɗan ƙaramin memori ne a ciki da aka yi wa dabara. Yana karɓar hotuna ba ya ƙorafi, sababbi na hawa kan tsofaffi, sai ranar da aka zo buɗewa a ga sunaye kawai. Akwai kuma tsohon faifan da aka ciro daga matacciyar kwamfuta aka sa masa sabuwar riga. Duk wanda aka yi wa araha fiye da hankali, ya tsaya ya yi tunani. Manhajar H2testw, wadda kyauta ce, tana cika faifai ta karanta don ta tabbatar da ainihin girmansa. CrystalDiskInfo kuma tana nuna awa nawa faifan ya yi yana aiki da halin lafiyarsa. Ku gwada kafin ku zuba masa ko hoto ɗaya. Amma in faifan terabait 1 ya nuna kusan gigabait 931, wannan ba cuta ba ce, bambancin lissafi ne.

Abin da za ku yi yau

Wani mai ɗaukar hoto ɗan Amurka, Peter Krogh, ya yaɗa ƙa'idar da masana ke bi, wadda ake kira 3-2-1: kwafi uku na kowane hoto, a kan na'ura iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri dabam da gidanku. Ga yadda za a bi ta:

1. Ku kwafa, kada ku yanke. Hoto ba ya barin waya ko memorin kyamara sai ya tabbata a wurare biyu.

2. In faifai ɗaya kuke da shi kuma komai na cikinsa, ku jona shi yau ku kwafe shi zuwa kwamfuta ko faifai na biyu. Ku fara da hotunan da suka fi muku daraja, don faifai mai rauni kan mutu ana tsakiyar aiki.

3. Bayan kwafi, ku buɗe hotuna da dama daga foldodi daban-daban ku gani da idonku, ku kwatanta yawan fayilolin nan da can.

4. Ku sallami faifan ta hanyar da kwamfuta ta tanada kafin ku zare kebul, sannan ku cire shi ku adana a wuri mai sanyi, nesa da danshi.

5. Ku kai kwafi ɗaya gidan ɗan'uwa ko 'yar'uwa a wata unguwa ko wani gari, ku riƙa sabunta shi.

6. Ku sa rana guda kowane wata don zuba sababbin hotuna, ku kuma sauya faifan in ya kai shekara huɗu ko biyar ko da bai nuna alamar ciwo ba.

Mataki na uku da na biyar su ne mutane suka fi sakaci da su, kuma manyan kamfanoni ma sun sha wuya a nan. A 1998 wani umarni da aka ba kwamfuta bisa kuskure a kamfanin Pixar ya share mafi yawan fim ɗin Toy Story 2. Da aka koma ga ajiyar kamfanin, sai aka tarar ta daɗe da samun matsala ba wanda ya duba. Abin da ya ceci fim ɗin shi ne wata ma'aikaciya, Galyn Susman, da ke aiki daga gida saboda jego, tana da kwafi a kwamfutarta.

Na san faifai biyu kuɗi ne a wannan zamani. Wanda ba shi da hali ya tace hotunansa, ya ware 'yan ɗaruruwan da ba zai iya jure rashinsu ba, ya sa su a ma'ajiyar intanet. Google na ba da gigabait 15 kyauta, iCloud na ba da 5. Amma ita ma kafa ɗaya ce cikin uku. Tun Yunin 2021 Google Photos ya daina ajiya kyauta marar iyaka, kuma daga Disambar 2023 kamfanin na iya share asusun da aka yi shekara biyu ba a shiga ba. Hoton da aka goge a cikin manhajar kan gogu daga waya da intanet baki ɗaya. A 2019 shafin intanet na MySpace ya sanar da ɓatan waƙoƙi da hotunan da mutane suka ɗora tsawon sama da shekara goma. Facebook da WhatsApp kuwa suna matse hoto su rage masa kyau, saboda haka ba ma'ajiya ba ne. Hotunan iyaye da kakanni, ku wanke su a takarda, ku raba wa dangi.

Idan faifan ya riga ya fara ciwo

Alamun su ne ƙarar ƙas-ƙas ko kuka daga ciki, nauyi wajen buɗe folda, ɓacewa daga kwamfuta ya sake bayyana, ko hoto ya buɗe rabi. In yana buɗewa ba ya ƙara, ku kwashe na cikinsa nan take. In yana ƙara, ku cire shi, kada ku sake jonawa, domin kowane juyi na ƙara kartar farantin. In kwamfuta ta ce sai an yi masa fomat, ku ƙi. Kada ku bubbuga shi, kada ku sa shi a firiza kamar yadda wasu ke ba da shawara, kada ku bari mai gyaran waya ya kwance shi a kan teburinsa. Ana buɗe irin wannan faifai ne a ɗaki na musamman da aka tace iskarsa, in ba haka ba garin gyaran gira a rasa ido. Wanda ya goge hotuna bisa kuskure kuwa, ya daina zuba wa faifan komai. Manhajoji irin su PhotoRec da Recuva kan dawo da su muddin ba a rubuta wani abu a kansu ba, kuma a wani faifan dabam ake sauke abin da aka ceto.

Sai maganar sirri. Faifan iyali na ɗauke da hotunan matan gida da 'ya'ya mata a cikin ɗakunansu. Kada ku bar shi a hannun wanda ba ku amince da shi ba, kada ku sayar ko ku kyautar da tsohon faifai sai an share shi sharewa ta gaske, domin gogewar yau da kullum ana iya dawo da ita. In kun kulle shi da kalmar sirri, ku rubuta ta ku ba mutum ɗaya amintacce a gida, don kada magada su gaji akwatin da ba mai iya buɗewa.

Ku kuma masu sana'ar hoto, amana ce a wuyanku. Kada ku yi wa memorin biki fomat sai aikin ya zauna a faifai biyu, kuma ku faɗa wa masu biki tsawon lokacin da za ku riƙe musu hotuna, su zo su karɓi nasu. Duk wanda wannan gargaɗi ya isa gare shi, ya ɗauko faifansa kafin ya kwanta yau, ya kuma sanar da na kusa da shi. Allah Ya tsare mu da asara.