Babunaj da Amfaninsa a Magani

Babunaj ɗan ƙaramin fure ne fari mai rawayar cibiya, dangi ɗaya da shuwaka da latas. Asalinsa na Turai ne da yammacin Asiya. Sunan daga Larabci ya zo wa Hausa. Turawa kuwa kamomil suke ce masa, daga wata kalmar Girkanci mai nufin tuffar ƙasa, saboda ƙamshinsa. Iri biyu aka fi sani, na Jamus da na Rum, amma na Jamus ne ya fi shiga magani. Gane na Jamus ba wuya: idan aka tsaga cibiyar nan gida biyu, cikinta rami ne, ba a cike take ba. Masar na cikin manyan masu nomansa a yau, musamman yankin Fayyum.

Tsohon magani ne. Likitan Girka Diyoskoridis ya rubuta shi tun ƙarni na 1, Ibn Sina ma ya kawo shi a cikin littafinsa Alƙanun.

Ƙarfinsa yana cikin furen. Idan aka tace mansa da tururi, sai ya fito shuɗi shar, abin mamaki ga fure fari da rawaya. Sinadarin kamazulin ne ke ba da wannan launi, kuma a lokacin tacewar yake samuwa. Shi da wani sinadarin, bisabolol, suna rage kumburi. Wannan mai yana bin tururi ya tsere, shi ya sa ake rufe kofi: a zuba tafasasshen ruwa kan busasshen fure kamar giram 3, a rufe minti 5 zuwa 10, sannan a tace. Wanda ya bar shi a buɗe, ɗakin ne ya sha rabin maganin.

Hukumomin magunguna na Jamus sun amince da shi wajen murɗar ciki da kumburin ciki, da kurkure baki idan dasashi ya kumbura, da shafawa a fata mai ƙaiƙayi ko ƙaramin rauni. Batun barci, wanda ya fi yi masa suna, hujjarsa ba ta kai sunan ba. Yana da sinadarin afijenin mai ɗan kwantar da ƙwaƙwalwa, kuma wani gwaji na Jami'ar Fensilbeniya a 2009 ya nuna ya ɗan sassauta wa masu yawan fargaba. Amma rashin barcin da ya yi katutu ya fi ƙarfinsa.

Wasu jikinsu ba ya karɓarsa, musamman masu atishawa ko ƙuraje idan sun kusanci furannin danginsa. Wanke ido da ruwansa kan jawo ja da kumburi maimakon sauƙi. Mai shan maganin tsinka jini irin su wafarin sai ya tuntuɓi likita tukuna, don babunaj na iya ƙara haɗarin zubar jini. Haka ma mai juna biyu. Jaririn da bai kai wata 6 ba kuwa ba a ɗura masa, nonon uwa kaɗai ake ba shi.