Zubar jini bayan haihuwa: aikin da ungozoma mai horo take yi a Nijar

Mutanen karkara sun san yadda abin yake faruwa. Mace ta sauka lafiya, jariri ya yi kuka, an soma guɗa, sai jini ya ɓalle ya ƙi tsayawa. Kafin a ɗaura amalanke a kai ta asibitin da ya fi kusa, sau da yawa rai ya yi halinsa, domin irin wannan jini yana iya kashe mace cikin awa 2. Binciken ƙasa na shekarar 2012 ya nuna cewa mata 535 suke rasuwa a cikin kowace haihuwa 100.000, kuma haihuwa 3 kawai cikin 10 ake yi a hannun ma'aikacin lafiya mai horo.

Neman maganin wannan masifa ya daɗe. Tun cikin shekarun 1960 aka soma a jahar Maraɗi da tara ungozomomin ƙauye, ana koya musu wanke hannu da sabulu da yanke cibiya da sabuwar reza. Jarirai da yawa sun tsira ta haka. Amma tsohuwar da ta yi karatun ƴan kwanaki ba ta da abin tsayar da jini, shi ya sa daga baya aka mayar da aikinta ga raka mai naƙuda zuwa asibiti.

A shekarar 2014 Ma'aikatar Lafiya ta ɗauki wata hanya. An horar da ungozomomin asibiti da sauran ma'aikata a duk faɗin ƙasa bisa matakai 3. Da farko sai a auna jinin da zane wanda aka san yawan abin da yake sha: in ya jiƙe sarai, kimanin rabin lita ya zuba, lokacin aiki ya yi. Sai a ba matar ƙwayoyin misoprostol masu sa mahaifa ta tsuke. In jini bai tsaya ba, a sa kwaroron roba cikin mahaifa a cika shi da ruwa mai tsabta, ya danne jijiyoyin. In wannan ma ya kasa, a ɗaure mata ƙafafu da mara da wata riga mai matsewa, jinin da ya rage ya koma zuciya da ƙwaƙwalwa, a tura ta inda ake tiyata da ƙarin jini. Sakamakon da mujallar likitoci ta Lancet Global Health ta buga a 2023 ya nuna cewa mutuwar mata ta dalilin zubar jini a asibitocin ƙasa ta ragu da fiye da rabi.

Kayan nan duka ba su da tsada, kuma ba sa bukatar lantarki. Abin da yake da wuyar samu shi ne mai aiki da su da ƙarfe 2 na dare. Makarantun lafiya na Yamai da Damagaram suna yaye ungozomomi kowace shekara, amma kaso mai yawa daga cikinsu a birane suke zama, musamman Yamai. Laifin ba nasu ba ne su kaɗai: yawancinsu matan aure ne da mazajensu suke aiki a birni, kuma wadda aka tura ƙauye takan tarar babu gidan kwana, babu mai canjinta, in kuwa ƴar kwantaragi ce kuɗinta ma yakan makara. A asibitin ƙauye da yawa majo shi kaɗai ne mai awo, mai allura, mai karɓar haihuwa, ga shi namiji, abin da yake sa wasu mata su gwammace durƙusawa a ɗaki.

Gwamnati ta ɗauke wa mata kuɗin tiyatar haihuwa a 2005, ta ɗauke na awon ciki a 2006. Makarantun mazaje da aka soma a jahar Damagaram sun sa magidanta da yawa suna barin matansu zuwa awo. Jama'a ke nan sun taso, layi ya yi tsawo a ƙofar ɗakin haihuwa. Hukumomin gari suna da ikon gina wa ungozoma ɗaki biyu kusa da asibiti, su kuma ɗauki nauyin karatun ƴar garin da za ta dawo ta yi aiki a cikin danginta.