An cire maka haƙori? Kada ka yi gaggawar kurkure baki

Duk wanda aka cire wa haƙori, abu na farko da ransa ke raya masa shi ne ya nemi ruwa ya wanke bakin. Ga ƙarnin jini, ga yawu ya taru, ga harshe sai kai-komo yake yi a cikin giɓin. Idan kuma a hanyar dawowa ka tsaya kemis ka sayi kwalbar maganin kurkure baki, sai ka ga babu abin da ya dace kamar ka buɗe ta tun kafin ka cire takalmi. To, dakata tukuna. Maganin yana da amfani, amma yana da lokacinsa, kuma ranar farko ba lokacinsa ba ce.

Wannan magana ta fi nauyi ga mutanen da ke nesa da likita. Mutumin Runka, a ƙaramar hukumar Safana, can bakin dajin Rugu, idan haƙori ya matsa masa sai ya kama hanyar babban asibiti a Dutsin-Ma ko Batsari, wani lokaci ma sai ya dangana da Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Kuɗin mota ne, yini guda ne ba gona ba kasuwa, kuma shekarun rashin tsaro sun koya wa kowa a yankin cewa ba a son tafiyar dare. Wanda yake haka ba ya son abin da zai mayar da shi asibiti bayan kwana uku, riƙe da kunci. Yawancin abin da ke mayar da mutane kuwa a gida yake farawa, a cikin awa 24 na farko.

Gudan jinin nan shi ne maganin

Idan haƙori ya fita, yakan bar rami a cikin ƙashin muƙamuƙi. Cikin 'yan mintoci jini zai cika ramin ya daskare, ya zama guda mai duhu kamar hanta. Mutane da yawa suna ɗaukarsa ƙazanta ko mataccen jini da ya kamata a fitar. Alhali shi ne murfin da ya rufe ƙashi da jijiyoyi, kuma a cikinsa sabon nama ke tsirowa. Dasashi yakan rufe bakin ramin cikin mako ɗaya zuwa biyu, ƙashin da ke ƙasa kuma sai ya ɗauki watanni kafin ya cike.

A ranar farko gudan bai kama jikin ramin sosai ba. Kurkura mai ƙarfi tana iya ɗaga shi. Haka yawan tofar da yawu, da tsotso, da taɓa wurin da harshe ko yatsa ko tsinken sakace. Idan ya fita ko ya narke da wuri, ƙashi ya zauna a fili, iska da abinci suna taɓa shi. Likitoci na kiran wannan busasshen gurbi, sunan da ya shiga littattafansu tun 1896.

Alamarsa ba ta ɓuya. Ciwo ya fara sauƙi, sai a kwana na 2 zuwa na 4 ya dawo da ƙarfin da ya fi na haƙorin da aka cire, yana harbawa zuwa kunne da gefen kai, baki yana wari, farasitamol kuma ba ya taɓa shi. A cirewa ta yau da kullum yakan sami kamar mutum 1 zuwa 5 cikin 100. Idan haƙorin ƙarshe ne na ƙasa, na can ƙurya, wanda sai an tsaga dasashi kafin ya fita, adadin yana iya kaiwa 30 cikin 100. Masu shan sigari da mata masu shan ƙwayar tazarar haihuwa sun fi shiga haɗarin.

Ranar farko: a bar baki ya huta

Ka cije audugar da aka sa maka na minti 30, ba tare da surutu ko ɗagawa kana dubawa ba. Yawu mai ɗan ja-ja a wannan rana ba abin tsoro ba ne. Ka haɗiye shi, ko ka bari ya zubo a kan tsumma mai tsabta, kada ka tofar da ƙarfi. Idan jini ya dawo sosai, ka naɗe sabuwar auduga ko ƙyalle mai tsabta, ka ɗan jiƙa, ka ɗora daidai kan ramin ka cije na wasu minti 30 kana zaune. Ƙullin ganyen shayi irin na Lipton, a jiƙa a matse, shi ma yana taimakawa wajen tsayar da jini.

Ruwan leda, ka juye shi a kofi maimakon ka tsotsa. Rake, goro, aya, ƙuli-ƙuli, kilishi da yaji duk su jira. Kunu ko koko da ya huce, tuwo mai laushi da miyar kuka, dafaffen ƙwai, waɗannan sun wadatar, kuma ka tauna ta ɗaya gefen. Shayi mai zafi yana tayar da jini. Sigari, shisha da taba gari a ajiye su aƙalla kwana 3, in da hali mako guda. Aikin ƙarfi, kamar noma ko jan ruwa a rijiya, a ɗaga shi zuwa gobe. Idan ciwo ya dame ka, farasitamol ya fi dacewa da asfirin, domin asfirin yana tsinka jini.

Sai maganar alwala, wadda takardun asibiti ba su cika ambata ba, alhali sau biyar a rana Musulmi yana kai ruwa bakinsa. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ɗalibai ke karantawa a Ahalari da Ishmawi, kurkurar baki sunna ce daga sunnonin alwala, ba ta cikin farillai. Don haka wanda ya bar ta na yini ɗaya saboda lalura alwalarsa ta inganta. Idan zuciyarka ba ta natsu ba, ka tambayi malamin unguwarku tun kafin ranar cirewar.

Daga rana ta biyu: ruwan ɗumi da gishiri

Bayan awa 24 sai a fara wanke baki, kuma abin da likitoci suka fi ba da shawara yana nan a madafin kowane gida. Ka tafasa ruwa, musamman idan na rijiya ne, ka bari ya huce ya zama ɗumin da za ka iya sha. Ka zuba rabin cokalin shayi na gishiri a kofi ɗaya, wato kimanin rabin ledar ruwa. Ka guntsa, ka karkatar da kai ta gefen ramin, ka bar ruwan ya zauna a kansa kamar rabin minti, sannan ka sunkuya ka buɗe baki ya zuba da kansa. Ba a kumbura kumatu ana watsa shi kamar yadda aka saba. Ka maimaita har kofin ya ƙare, bayan kowane cin abinci da kuma kafin barci, na tsawon mako guda.

Wasu likitocin haƙori 'yan Nijeriya sun gwada wannan, suka buga sakamakon a 2014. Sun raba mutum 120 da aka cire wa haƙori kashi uku: wasu suna kurkura da ruwan gishiri sau shida a rana, wasu sau biyu, wasu ba a ce su yi ba. Busasshen gurbi ya fi yawa nesa ba kusa ba a cikin waɗanda ba su yi ba, kuma masu sau biyu ba su gaza masu sau shida ba. Ke nan ba yawan yi ake nema ba, a dai riƙa yi kullum, a hankali.

Sauran haƙora kuma a ci gaba da goge su da buroshi ko asuwaki tun daga rana ta biyu. A dai kauce wa ramin na 'yan kwanaki.

To, ina amfanin na kwalba?

Maganin kurkure baki da likitocin haƙori suka fi rubutawa shi ne kuloheksidin. A jikin kwalba za ka ga an rubuta Chlorhexidine, tare da 0.12% ko 0.2%, kuma Corsodyl na daga cikin sunayen da ake sayar da shi da su. Kamfanin ICI na Ingila ne ya samar da shi a farkon shekarun 1950, sannan a 1970 masu bincike a ƙasar Denmak suka nuna yana hana dattin ƙwayoyin cuta taruwa a jikin haƙora. Abin da ya bambanta shi da saura shi ne yana manne wa haƙora da dasashi, ya ci gaba da aiki na awoyi bayan an zubar. Binciken da aka tattara daga ƙasashe daban-daban ya nuna yana rage busasshen gurbi, musamman ga waɗanda aka yi wa aikin haƙorin ƙurya.

Saboda haka idan an sha wahala wajen cirewar, ko an yi ɗinki, ko dasashinka dama yana da ciwo, likita zai iya rubuta maka shi. Ƙa'idarsa ita ce mililita 10 na mai 0.2%, wato cokalin shayi biyu, a riƙe a baki minti ɗaya, safe da dare. Shi ma sai bayan awa 24, sai fa idan likitanka ya faɗi wani lokaci dabam. Ba a haɗiyewa. Kada ka bi shi da ruwa, kada ka ci ko ka sha komai sai bayan minti 30. Ka kuma raba shi da makilin da aƙalla minti 30, domin sinadarin kumfa da ke cikin makilin yana kashe masa ƙarfi. Mai azumi ya yi bayan sahur kafin alfijir, sannan bayan buɗa-baki.

Mako ɗaya, ko biyu idan likita ya ce, ya isa. Idan aka daɗe ana yi yana rina haƙora da harshe su yi ruwan ƙasa, ga mai shayi da goro kuma abin ya fi fitowa. Yakan sauya ɗanɗanon abinci na ɗan lokaci. Wanda ya ga leɓe ko fuska sun kumbura, ko ƙaiƙayi ya taso masa, ko numfashi ya yi nauyi bayan ya yi amfani da shi, ya daina nan take ya nufi asibiti.

Irin su Listerine, wanda aka fara haɗawa a Amurka tun 1879, an yi su ne don tsabtar baki ta yau da kullum. Da yawansu akwai sinadarin alkohol a ciki, mai yi wa sabon rauni zafi. A bar su sai wurin ya warke.

Abubuwan da ba sa shiga baki

Uwargida, wataƙila kin san sunan kuloheksidin daga ɗakin haihuwa, domin shi ne maganin da ake shafa wa cibiyar jariri. Wancan ya ninka na baki ƙarfi sau da yawa, kuma don cibiya kaɗai aka yi shi. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi bayan an sami yara a ƙasashen Afirka da idanunsu suka lalace saboda an ɗiga masu shi bisa kuskure. Kada a sa shi a ido, kada a sa shi a ramin haƙori. Haka Dettol, Savlon da Izal, ko an surka su da ruwa, ba na baki ba ne.

Ruwan batir, fetur, kanwa, da ƙwayar asfirin da ake dannawa a kan dasashi, duk ƙona nama suke yi. Garin gyaran gira kada a rasa ido. Kanumfari kuwa gaskiya ne yana kashe zafi, har ma man da ake samu daga gare shi yana cikin abin da likita ke sa wa busasshen gurbi. Amma likita sai ya wanke ramin tukuna, ya sa gwargwado. Cusa garinsa a sabon rami yana hana shi warkewa.

Yaro ɗan ƙasa da shekara 12 ba a ba shi maganin kwalba sai da izinin likita. Wanda bai iya guntsar ruwa ya zubar ba tare da ya haɗiye ba, a ba shi ruwa ya sha bayan abinci, ya isa. Ki kuma sa ido kada ya cije leɓensa kafin allurar kashe zafi ta sake shi.

Lokacin da kurkura ba ta isa ba

Busasshen gurbi yana da azaba, amma ba ya kisa, kuma ƙwayoyin kashe cuta da ake saya a kemis ba su ne maganinsa ba. Wankewa da sa magani a asibiti yakan kawo sauƙi a ranar. Abin da ba ya jira shi ne kumburin da ke ƙaruwa bayan kwana 3, zazzaɓi, mugunya, bakin da ya ƙi buɗuwa, ko jinin da ya ƙi tsayawa bayan an cije auduga sau biyu ko uku. Mafi haɗari shi ne kumburi mai tauri a ƙarƙashin haɓa, harshe ya ɗago sama, haɗiyar yawu ta gagara, murya ta sauya. Wani likitan Jamus mai suna Ludwig ya bayyana wannan ciwo tun 1836, kuma yana iya toshe hanyar numfashi cikin awoyi. Idan ka ga kumburin ya fara da la'asar, ka nemi mota tun da sauran rana. Masu ciwon suga, masu sikila da masu juna biyu su fi kowa saurin tashi.

Idan kuma ba a asibiti aka cire ba, a kasuwa ne ko a zaure, ka ƙara sa ido. Guntun saiwa yana iya karyewa ya zauna a ciki, ƙarfen da ba a dafa ba kuma yana ɗaukar ciwon hanta daga wani bakin zuwa wani. Babu maganin kurkura da ke gyara waɗannan.

Don haka tun kafin ka tashi daga kujerar likita, ka gaya masa daga nesa ka zo. Ka tambaye shi ko gishiri ya ishe ka ko sai ka haɗa da na kwalba, in da buƙata ka saya tun kana cikin gari. Ka roƙi ƙarin auduga, ka karɓi lambar da za ka kira idan wani abu ya taso. Ka kuma nemi a yi maka aikin da safe, domin jinin ya tsaya kana kusa da asibiti, ka isa Runka da sauran haske. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.