Fis, Soket da Haƙorin Ɓera: Bin Sawun Lantarki a Cikin Mota

A daminar bara na shiga motar haya ƙirar Sharan, wadda jama'a ke kira Sharon, daga Zuru zan tafi Birnin Kebbi ta hanyar Dabai da Mahuta. Ba mu yi nisa ba sai wani fasinja ya miƙa wayarsa a sa masa caji, amma soket ɗin motar, wato ramin nan da a da ake kunna sigari da shi, ya ƙi kawo wuta. Direba ya ce, "Ai fis ne, kullum sai ya ƙone." Ya tsaya, ya zaro fis ɗin daga ƙarƙashin sitiyari, ya naɗe shi da takardar azurfa ta kwalin sigari, ya mayar. Kafin mu kai Koko ƙaurin roba ya cika motar, ga kuma jarkar fetur a but. Allah ya sa direban ya yi hanzarin cire kan batir.

Domin mai karatu ya fahimci abin da ya faru, sai ya san cewa lantarki ba ya aiki sai ya yi zagaye. Yakan taso daga batir mai ƙarfin bolt 12, ya ratsa fis, ya bi waya zuwa soket, sannan ya koma batir ta cikin ƙarfen jikin motar. Duk inda zagayen ya yanke, soket ya mutu.

Shi fis ɗan siririn ƙarfe ne, galibi na zin, da aka ƙera musamman domin ya narke idan wutar da ke ratsa shi ta wuce kima. Launinsa na nuna iyakarsa: ja amfiya 10, shuɗi 15, rawaya 20. Idan aka ninka bolt 12 sau amfiya 15 za a sami wat 180, iyakar abin da soket mai shuɗin fis zai ɗauka ke nan. Cajar waya ba ta kai ko kusa da haka ba. Saboda haka idan fis yana ƙonewa kullum alhali caja kawai ake sawa, to akwai inda wutar ke yanke hanya. Tun 1827 wani Bajamushe mai suna Georg Ohm ya bayyana cewa gwargwadon raguwar turjiya a hanyar lantarki, gwargwadon ƙaruwar kwararsa. Tsirarar waya da ta taɓa jikin mota kusan ba ta da turjiya, batirin mota kuwa yana iya tura ɗaruruwan amfiya, kamar yadda yake yi wajen tayar da inji. Idan an hana fis narkewa, wayar ce za ta yi ja, robarta ta kama da wuta.

Ni malamin ilimin halittu ne, don haka nakan kwatanta fis da zafin ciwo a jikin mutum. Wanda ya naɗe fis da takardar azurfa tamkar mai ciwon haƙori ne da ke ta haɗiyar maganin kashe zafi, ruɓa kuwa tana ci gaba.

To, yaya ake gano matsalar? Ƙa'idar ita ce wadda muke koya wa ɗalibai a ɗakin gwaje-gwaje: a canza abu ɗaya a lokaci ɗaya, a fara da mafi sauƙi. A gwada wata cajar tukuna, domin wasu cajojin suna da nasu ɗan fis a tsininsu. A murɗa makulli, domin a motoci da yawa soket ba ya samun wuta sai an yi haka. Sannan a kashe, a haska cikin ramin, ko wani guntun ƙarfe ya faɗa ciki. Bayan nan ne za a zaro fis a ɗaga shi ga haske. Idan ya tsinke, a sa sabo mai lamba iri ɗaya, kada a ƙara. Idan sabon ya ƙone nan take ba a sa komai a soket ba, waya ta taɓa ƙarfe, sai a nemi mai wayarin. Idan kuwa fis lafiyarsa lau amma babu wuta, a duba inda aka ɗaure wayar dawowa a jikin mota. Ƙasar Zuru ta fi arewacin Jihar Kebbi samun ruwan sama, tsatsa kuwa ba ta barin lantarki ya wuce. Mai ma'aunin lantarki zai ga kimanin bolt 12.6 a cikakken batir, da kimanin 14 idan inji na aiki.

A Koko, mai wayarin ya ɗaga shimfiɗar ƙasan motar, sai ga wayar da ke zuwa soket ɗin baya an gwigwiye ta, ga kashin ɓera a gefe. Nan fa aka shigo fagena. Haƙoran gaba na ɓera ba sa daina tsiro muddin yana raye, sukan ƙaru da fiye da milimita 2 a mako, shi ya sa ba ya rabuwa da gwigwiya. Direban ya amsa cewa yakan kwana da buhunan masara da dawa a motar idan zai yi sammakon kasuwa. Ya ce da ni, "Malam, ashe har a mota ɓera na ɓarna?" Na ce masa ya riƙa share hatsin da ya zube, ya kuma ajiye fis biyu ko uku a aljihun mota.

Malaman makarantun sakandare za su iya nuna wannan a aji. A haɗa batiran tocila biyu da ƙaramin ƙwan fitila, a sa zare ɗaya na soson ƙarfe mai laushi a tsakiyar zagayen, a ɗora shi a kan faranti. Ƙwan zai kama. A ɗauko guntuwar waya a haɗa ɓangarorin ƙwan biyu: zaren zai yi ja ya tsinke, fitila ta mutu. Kada a yi wannan gwajin da batirin mota.