Duba maganinka tun kana gaban mai ba da shi

A ranin da ya wuce, cikin rangadin da nake yi, na sauka wani ƙauye na yankin Mayahi. Bayan an tashi daga karatu sai wata mata ta matso, ta kwance bakin zanenta, ta fiddo ledoji biyu ƙanana waɗanda babu kome ciki. Ta ce: "Mushe, na ajiye su ne don in nuna maka." Ga labarin da ta ba ni.

Ranar kasuwa maigidanta ya tafi gari da takardun magani biyu. Ɗaya ta ɗiyarsu ce mai shekara 6 wadda atuni ya kama, ɗaya kuwa ta mahaifiyarsa ce, tsohuwa mai ciwon sukari. Ya tarar da jama'a cunkushe a bakin taga. Mai ba da magani ya ƙirgo ƙwayoyi, ya zuba leda biyu, ya rubuta suna a kan kowace, ya miƙo da hanzari yana cewa wannan ta yarinya, wannan ta tsohuwa. Maigida bai iya karatu ba, sai ya ƙulle bakin wadda aka ce ta yarinya ce don kada ya mance. Dukan ƙwayoyin farare ne.

Da ya iso gida, matar ta ɗauki takardar ɗiyarta ta kara da ledar nan mai ƙulli. Ba ta jin Faransanci ko kalma guda, amma ta san baƙaƙe. Sunan da ke takarda ya fara da M, na kan leda ya fara da G. Ta ce ba za ta ba yarinya ba. Maigida ya hasala, ya ce: "Ke kin fi likita sani ne?" Ta ce: "Ban fi shi ba, Malam, amma wannan baƙin ba shi ne wancan ba." Washegari ya koma gari yana gunaguni. Mai magani ya duba, ya dafe kai.

Na M ɗin nan shi ne métronidazole, maganin atuni. Na G kuwa glibenclamide ne, wanda aikinsa shi ne saukar da sukarin da ke cikin jini. Yaron da ba shi da ciwon sukari in ya sha shi, ƙwaya guda ma tana iya sa shi gumi, makyarkyata, farfaɗiya, har ya suma. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, da hakan ta auku, ba wanda zai tuhumi leda. Wasu za su ce masassara ce ta hau kai, wasu su ce iska ce, a shiga neman hayaƙi, alhali abin da yarinya ke bukata sukari ne da gudu zuwa asibiti.

Inda kuskure yake shigowa

Ban kawo wannan labari don a zargi masu ba da magani ba. Mutum guda ne a bayan taga, gabansa mutum talatin, kowa na son ya riga wani don kada motar kasuwa ta tashi ta bar shi. Ko a ƙasashen da ke da kwamfuta a kowace farmasi ana yin irin wannan kuskure. Shi ya sa a shekarar 2017 Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, OMS, ta buɗe yekuwa ta musamman a kan cutarwar da ke fitowa daga kuskuren magani, ta ce hasarar da abin ke jawowa duniya ta kai dalar Amurka biliyan 42 a shekara.

Mu kuma a nan muna da namu dalilai. Tun daga shirin Bamako na 1987, da kuma bayan faɗuwar darajar kuɗin sefa a Janairun 1994 wadda ta sa maganin waje ya yi tsada ƙwarai, aka karkata ga magunguna masu sunan asali, waɗanda suka fi araha. Wannan alheri ne ga talaka, kuma ƙarfinsu ɗaya da masu sunan kamfani. Sai dai da yawansu ba su zuwa cikin kwali mai launi da ido zai shaida. Wasu ana ƙirgo su daga babban gwangwani, wasu a yanko su daga kati da almakashi, a wajen yankan suna ya tafi can, ƙwaya ta zo nan.

Ga kuma rubutun likitoci, wanda ni kaina da na yi shekaru ina gyaran rubutun yara yakan gagare ni. Sunayen magunguna da yawa suna kama da juna kamar tagwaye. Métronidazole na atuni ne, mébendazole na tsutsar ciki, metformine na ciwon sukari. Chlorphéniramine na ƙaiƙayi da mura ne, chlorpromazine na taɓin hankali, chlorpropamide na ciwon sukari. In likita ya rubuta baƙi huɗu na farko ya ja sauran kamar tafiyar maciji, mai magani ƙiyasi zai yi. Saboda haka dubawa tana farawa tun a ɗakin likita. Kafin ka tashi, roƙe shi ya faɗa maka sunan magani da bakinsa, da abin da yake warkarwa, da yadda za a sha, da kwana nawa. In zai yiwu ya rubuta sunan da manyan baƙaƙe. Ba raini ba ne, kuma likitan kirki ba ya jin haushin wannan tambaya.

Suna bai isa ba, a duba lamba

A nan zan faɗi nawa laifi. Ɗana ya yi ciwon ƙirji, aka rubuta masa amoxicilline na ruwa. Na karɓa, na karanta suna, na ga daidai, na tafi gida da alfahari irin na mai ilimi. Sai a rana ta uku, da na ga tari bai sassauta ba, na sake ɗaukar kwalba. Takarda ta ce 250, kwalba ta ce 125. Kwana biyu cur yaro yana shan rabin abin da aka rubuta masa. Matar Mayahi ta fi ni, domin ita ta duba kafin ta bayar.

Lambar da ke bin suna ita ce ƙarfin magani, ana rubuta ta da mg. Paracétamol akwai na 100 na yara, akwai na 500 na manya. Amoxicilline akwai na 250 da na 500. Kamanninsu na iya zama ɗaya. In lambar da ke takarda ta saɓa da ta kwali, tambaya ta wajaba. Wani lokaci mai magani yana sane, ya ba ka mai ƙaramin ƙarfi don babu ɗayan, da nufin a sha biyu maimakon ɗaya. To ya faɗa maka, ya kuma rubuta.

Maganar cokali ta fi ban tsoro. A takarda likita yakan taƙaita: "c. à c." shi ne ƙaramin cokali na shayi, mai ɗaukar mililita 5, "c. à s." shi ne babban cokali na miya, mai ɗaukar 15. Baƙi guda ya bambanta su, amma ɗaya ya ninka ɗaya sau uku. Cokulan gidajenmu kuma kowane da girmansa. A yi aiki da ma'aunin da ya zo cikin kwali, a roƙi mai magani ya nuna zanen da za a tsaya a kai, ya ma sa masa alama da biro. Siro na gari kuwa, wanda ake haɗawa da ruwa, ana zuba masa ruwan da aka tafasa ya huce, daidai zanen da ke jikin kwalba, a girgiza shi kafin kowane sha. In an haɗa shi ba ya daɗewa. Wanda ya rage bayan an gama kwanakin likita ba a ajiye shi don ciwo na gaba.

Maganin masassarar cizon sauro shi ne wanda ya fi shiga gidajenmu, don haka mu tsaya a kansa. Ƙasarmu ta bar chloroquine a 2005 saboda ƙwayar cutar ta daina jin sa. Wanda aka fi sani yanzu shi ne artéméther-luméfantrine, da yawa suna ce masa Coartem. Ana ba da shi bisa nauyin jiki, ba bisa ganin ido ba. A irin da aka saba da shi, mai lamba 20/120, yaro mai kilo 5 zuwa ƙasa da 15 yana shan ƙwaya 1 a kowane sha, katinsa na da 6. Daga kilo 15 zuwa ƙasa da 25 ƙwaya 2, kati mai 12. Daga 25 zuwa ƙasa da 35 ƙwaya 3, kati mai 18. Daga kilo 35 zuwa sama ƙwaya 4, kati mai 24. Sha shida ne cikin kwana uku. Na biyu yana zuwa awa 8 bayan na farko, sauran safe da dare, tare da nono ko abinci mai maiƙo don ya ratsa jiki. Uwa ta ƙirga ƙwayoyin da aka ba ta. In ɗanta mai shekara biyu ne aka miƙo mata kati mai 18, akwai magana. A lura kuma akwai mai lamba 80/480 na manya, wanda ƙwaya guda take madadin huɗu. Katinsa shi ma 6 ne, daidai da na jariri. A nan ƙirga ba ta isa ba, sai an karanta lamba.

Zane uku a bayan kwali

Don taimakon wanda bai yi karatu ba, masu magani sukan ja zane a kwali. Dabara ce mai kyau, amma na taɓa tambayar mutum goma sha biyu a aji ma'anar zane uku. Wasu suka ce ƙwaya ɗaya sau uku a yini, wasu suka ce uku a tashi guda, wani dattijo ya ce kwana uku. Mafita ita ce, bayan an yi maka bayani, kai ma ka maimaita da bakinka: "Wannan na yarinya ne, ɗaya da safe, ɗaya da azahar, ɗaya da dare, kwana bakwai." In ka kauce, nan take za a gyara. Wanda ya zo da takardun mutum biyu ya miƙa su ɗaya bayan ɗaya, a rubuta sunan kowane maras lafiya a kan nasa. A tambayi kuma ta inda magani zai shiga, domin akwai mai siffar harsashi da ake sawa ta dubura, akwai na mata da ake sawa ta gaba, kuma ɗigon kunne ba ya shiga ido.

Kwanan wata biyu ake bugawa a kwali. Inda aka sa FAB ko MFG, ranar da aka yi shi ce. Inda aka sa EXP ko PER, ranar mutuwarsa ce. In ka ga EXP 08/2027, yana aiki har ƙarshen watan 8 na 2027. Amma wannan alkawari na maganin da aka ajiye a inuwa ne. Yawancinsu an ce kada zafi ya wuce digiri 25 ko 30, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu muna haura 40. Wanda ya yini a kan tire cikin ranar kasuwa ya riga kwanansa mutuwa. Ƙwayar da ta sauya launi, ta farfashe, ko ta manne da ƴar uwarta, a mayar da ita. Ido yana aiki a nan fiye da yadda ake zato. A annobar sanƙarau ta 1995, ma'aikatan MSF ne suka lura cewa wata allurar rigakafi da aka kawo gudummawa daga waje ba ta narkewa yadda ya kamata. Da aka bincika aka tarar jabu ce, bayan an riga an yi wa dubban mutane.

Akwai kuskuren da mai magani ba zai iya kauce masa ba in ba a faɗa masa gaskiya ba. Mai ciki ta faɗi, ko da cikin bai fito ba, ko da kunya. Tétracycline da doxycycline ba nata ba ne, haka ibuprofène in ciki ya tsufa. Wanda cotrimoxazole ya taɓa sa wa ƙuraje ko saɓar fata ya faɗi, domin karo na biyu yakan fi muni. Mai gyambon ciki ya faɗi kafin a ba shi aspirine. A kuma nuna abin da ake sha a gida. Doliprane, Efferalgan da Panadol duk paracétamol ne, suna kawai ya bambanta. Na farko biyu da rubutun Faransanci suke zuwa, na uku yakan shigo ta Najeriya da Ingilishi. Babban mutum ba ya wuce gram 4 a yini, wato ƙwaya 8 ta 500. Wanda ya haɗa su yana zaton magani uku yake sha, hantarsa yake ƙonawa.

Manoma da makiyaya su ƙara da wannan. Albendazole na mutum 400 ne, na saniya yana kai 2500, kuma suna ɗaya aka rubuta a kansu. Ƙwayar nan mai ruwan toka da ake sawa cikin buhun wake don kashe ƙwari guba ce mai kisa. Ba ta kwana ɗaki ɗaya da mutane, balle kwano ɗaya da maganin ciwon kai.

In an gane kuskure bayan an riga an sha, a dakata da shan, a ɗauki maras lafiya da takarda da sauran magani da ledarsa ko kwalinsa a tafi gidan likita, ko da bai nuna alamar kome ba tukuna. Kada a tura masa yatsa ko a ɗura masa ruwan gishiri don ya yi amai. Daga baya a koma a shaida wa mai magani, cikin natsuwa, domin watakila akwai wani da ya tafi da irin wannan leda a ranar.

Yarinyar Mayahi ta warke, na gan ta tana ɗiban ruwa. Uwar ta ce mini yanzu in za a tafi sayen magani, maigida yakan ɗaura amalanke ya ce ta hau su tafi tare.