“Aika Kuɗi Gida”: Darasin M-Pesa Ga Sababbin Kamfanoninmu

A watan Maris na shekarar 2007 ne kamfanin sadarwa na Safaricom ya ƙaddamar da hanyar aika kuɗi ta wayar salula a ƙasar Kenya, wadda ya raɗa wa suna M-Pesa. Da a ce injiniyoyin da suka ƙera ta aka danƙa wa aikin talla, to ko shakka babu da an cika wa jama'a kunne da bayanin na'urori. Amma saƙon da kamfanin ya fita da shi kalmomi uku ne kacal, waɗanda ma'anarsu ita ce “aika kuɗi gida”. Tallan talabijin ya nuna wani matashin ma'aikaci a birni yana latsa wayarsa, sai ga takardun kuɗi sun tashi sama, ba su zame ko'ina ba sai wurin iyayensa a ƙauye. Kafin shekarar ta ƙare, masu rajista sun haura miliyan ɗaya.

Abin da ya kamata mai karatu ya lura da shi shi ne, ba a ofis aka zauna aka ƙirƙiro wannan saƙo ba. Lokacin da aka fara gwajin tsarin a garin Thika a shekarar 2005, da tallafin gwamnatin Birtaniya, manufar ita ce masu cin bashin wata cibiyar ba da ƙananan rance mai suna Faulu su riƙa biya ta waya. Sai aka ga mutanen sun ɓige da tura wa junansu kuɗi, wasu kuma suna ajiye cinikinsu a ciki kafin su kama hanya, don gudun ɓarayi. Kamfanin ya bi sawunsu, ya ajiye batun rance. Ɗan Kenya da ke aiki a Nairobi ya daɗe yana damƙa wa direban bas kuɗin cefanen gida, yana zullumin ko za su isa, kamar dai yadda mutanenmu da ke neman abinci a Legas suka sha yi a tashar mota. Tallan bai koya masa wata sabuwar buƙata ba, wadda yake kwana da ita ya ambata.

To, a nan ne nake ganin matasanmu masu kafa kamfanonin fasaha a Kano da Kaduna suke tafka asara. Za ka ga yaro mai basira ya haɗa manhaja mai amfani, ya kashe ɗan jarin da ya tara a kan allon talla, amma abin da ke jiki Turanci ne mai nauyi da aka tsara domin burge masu zuba jari, ba ɗan kasuwar Kwari da ake fata ya saya ba. Wani ma sai ya jero ayyuka goma, alhali ko ɗaya ba a gane ba. Ba matasa kaɗai ba: Babban Bankin Nijeriya ya fito da eNaira a watan Oktoba na 2021, aka yi ta bayanin cewa kuɗin zamani ne, amma talaka bai ji abin da za ta yi masa wanda takardar naira ko mai POS na bakin layi ba su yi ba. Jama'a kuwa suka yi biris da ita.

Sai dai kada a ɗauka daɗin baki ne ya yi aikin. Safaricom ya fi kowane kamfani yawan masu layi a Kenya, kuma ya baza wakilai a shaguna masu koren fenti, ta yadda tsohuwar da aka aika wa kuɗi za ta taka ta karɓa hannu da hannu. Kamfanin da ya yi alkawarin abu guda ba shi da wurin ɓuya ranar da abin ya gaza, watakila ma shi ya sa da yawa suke gwammace dogon Turanci.